Ban Buɗe wa Sarkin Aski Bakina Ba

"Ba ni buɗewa, Baba."

Kaina a sunkuye na faɗa, amma muryata ta fita sarai, har maƙwabtan da ke tsugune bakin zaure suka daina hira. Babanmu, Malam Abu, ya ɗauka zafin ciwo ne ya toshe min kunne, sai ya sake faɗa a hankali.

"Radiyya, ki buɗe baki Sarki shi duba, nic ce."

"Na ji, Baba. Ba ni buɗewa."

Sarkin Aski Na'Allah na zaune kan buzu a gabana, ya riga ya shimfiɗa zabirarsa. Ga ƙaramar aska, ga wani siririn awartaki da hannu ya goge har yana ƙyalli, ga auduga, ga baƙin garin magani a gwangwanin madara. Inna ta miƙo ruwan ɗumi a tasa ta koma bayan labule, ina jin numfashinta. Ni kuwa ina durƙushe cikin hijabina ruwan toka, na ja shi ya rufe kumatuna na dama da ya kumbura kamar na cusa goriba.

Ku da kuke karanta ni daga birni ba lallai ku gane nauyin wannan zama ba. Na'Allah ba baƙo ba ne da aka ɗauko a kasuwa. Gidansu ne wanzaman gidanmu tun zamanin kakana. Ubansa ya yi wa Baba tsagar Gobir da ke fuskarsa, shi kuma ya yi min askin suna ya cire min belu. Duk wanda haƙori ya hana barci daga nan Sabon Birni har Gatawa, wurinsa ake kai shi. Kuma shi ne mahaifin Zainulabidin, wanda na zaɓa da kaina, ba wanda ya tura ni. An sa mana rana bayan kaka, akwatunan lefe na jere a ɗakin Inna, an lulluɓe su da tsohon zane.

Wannan ne mutumin da na ƙi buɗe wa baki. Ba rashin kunya ta sa ni ba. Na san abin da ke cikin ƙashina ne, domin na gan shi da idona.

A Sakkwato na yi karatun kula da lafiyar haƙori. A shekararmu ta ƙarshe aka koya mana ɗaukar hoton ƙashin baki, kuma da junanmu muke gwaji. Na ciji ɗan roba na tsaya ƙyam, na'ura ta zagaya kaina. Hoton ya fito da bakina gaba ɗaya a shimfiɗe, kunne zuwa kunne, kamar gawa na dariya. Malaminmu, Malam Is'haƙa, Bayarabe ne ɗan Ilori, kullum muna wasan da ke tsakaninmu da su. Yana maƙala hoton a allon haske ya tafa hannu.

"Ku zo ku ga Bagobira! Taurin kan har cikin ƙashi ya shiga."

Na ce, "Malam, bi a hankali, bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa tsiya."

Aji ya ɗauki dariya. Shi ne ya fara dainawa. Ya ɗora bakin biro a can ƙarshen muƙamuƙina, inda turmin ƙarshe yake, wanda ake kira haƙorin hankali saboda sai mutum ya girma yake tsirowa. Ya ce idan ƙashi bai bar masa fili ba, maƙalewa yake yi, kuma ba iri ɗaya yake maƙalewa ba. Wani yana tsaye daidai, nama ko ƙashi ne kawai ya danne masa kai. Wani kishingiɗa yake yi gaba ya jingina da na kusa da shi, ya ce wannan ya fi yawa, kuma ga shi nan a ƙasan hagu na bakina. Wani baya yake juyawa ya fuskanci kunne. Nawa na sama duka biyu sun fito lafiya.

"Amma wannan," ya matsa da biro zuwa ƙasan dama, "kwance yake."

Kwance yake kuwa, kamar mai barci a tabarma. Kansa ya tokare gindin haƙorin da ke gabansa, rabin jikinsa binne cikin ƙashi. Malam ya nuna mana wasu layuka biyu farare sirara da ke bin ƙasan muƙamuƙi, tsakaninsu duhu. Ya ce hanyar jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji ke nan. Daidai inda saiwar haƙorina ta sauka, layukan sun ɓace. Saiwar na kan jijiyar.

"Radiyya, ranar da wannan ya tashi miki, kada ki bari a sa masa ƙarfi. Sai an buɗe, an rage ƙashi, an raba haƙorin, an fitar da shi guntu-guntu. Wanda ya fizge shi, ko ya kashe miki leɓe, ko ya tsaga miki muƙamuƙi."

Lokacin ba ya ciwo, jarrabawa kuma na gabana. Na sa hoton a ambulan na jefa ƙasan akwati. Sai da damina ta faɗi bana, ina gida, ya farka.

Don haka a zauren nan na ce wa Baba ya ba ni izini in ɗauko abu. Na dawo da hoton, na ɗaga shi saitin hasken ƙofa.

"Baba Sarki, don Allah ka duba nan."

Ya karɓa. Ba zan yi masa ƙarya ba a gabanku, ba za ni ce ya yi watsi da shi ba. Ya ƙanƙance ido ya daɗe yana kallo.

"Ƙasusuwan wa kinka kawo man?"

"Nawa ne. Ga shi nan a ƙarshe, ka gan shi kwance."

Ya yi murmushi irin na babba da yaro. "Ɗiyata, haƙori sama shi ka yi, awa gero. In ƙasa ta danne shi, buɗa mai a kai, shi fito. Tsaga ɗaya za ni yi ga dasashi, jinin banza shi zuba. In ya ƙi, in ɗauke shi. Marwan ɗan liman, ba haka ya zo ba? Bai yi mako ba shina cin tsire."

Maƙwabta suka ce ƙwarai, an yi haka. Ni ma na san an yi. Na Marwan a tsaye yake, nama ne ya rufe shi, aska ta ishe shi. Hannun Na'Allah ya taimaki mutane da yawa, ban taɓa musu ba. Amma duk kumburin dasashi iri ɗaya ne daga waje, tsayayye da kwantacce, ido ba ya rabe su.

Na ce, "Nawa ba irin na Marwan ba ne."

"Tun ba a haifi uwarki ba nika cire haƙori."

"Idonka ba ya ganin cikin ƙashi, Baba Sarki."

Baba ya ce, "Radiyya!"

Da na tsaya nan, da wataƙila yau wani labarin nake rubuta muku. Amma Na'Allah ya miƙo hannu ya kama haɓata kamar yadda ake kama ta jariri, babban yatsansa ya danna kumburin, wani zafi ya tsarga min har tsakiyar kai. Na ja baya na ce:

"Kande fa?"

Kowa a garin nan ya san Kande mai ƙosai ta tashar Isa. Tun da aka cire mata turmin ƙarshe leɓenta na ƙasa ya mutu. Yawu na zubo mata ba ta sani ba, tsumma ba ya barin hannunta, masu saye suka koma wurin wata. Mutane cewa suke iska ta buge ta. Ban ga hoton ƙashin Kande ba, amma na san kamannin leɓen da jijiyarsa ta tsinke. Kuma kowa a zauren ya san wa ya cire haƙorin.

Na'Allah ya ajiye hoton a kan tabarma, ya goge askar da bai yi aiki da ita ba, ya mayar da komai mazauninsa, ya naɗe zabira ya ɗaure. Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Malam Abu, ka yi ma ɗiyarka boko. Allah shi amfana."

Furar da Inna ta dama masa ko kallonta bai yi ba.

Baba bai doke ni ba, bai zage ni ba. Ya sa takalmi ya bi bayan Na'Allah, ya dawo ya shige ɗakinsa. Inna ce ta same ni a ɗaki ta zauna bakin gado tana murza gefen zanenta.

"Ke wace irin ɗiya ce? Ko gaskiya gare ki, gaban maza za ki tsiraita surukinki? Da bakin da za ki gaishe shi kullum safe?"

"Inna, da leɓen da za ni gaishe shi nika tunani."

"Rufe man baki!"

Na ce a raina, ai bakin ma yana rufe kansa.

Zainul yana Madawa lokacin, ya kai kaya can cikin Nijar. Kafin la'asar labari ya tsallaka iyaka. Wayata ta yi ƙara.

"Radi, mi kinka yi?"

"Na ƙi a yanka ni."

"Baba bai ci abinci ba. An ce har kasuwa ana maganar Kande."

"Ka tambayi lafiyata tukuna."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar. Can sai ga shi: "Ya jiki?"

Na ɗauki hoton ƙashin da waya a jikin taga na tura masa, na zagaye haƙorin da jan layi. Ya turo: "Subhanallahi. Wannan cikin bakinki yake?" Sai kuma: "To a kai ki Sakkwato mana."

Nan fa ɗaya. Asibitin garinmu ba mai wannan aiki, na Isa ma haka. Sakkwato kuwa sai an bi hanya, hanya kuma ta zama abin da ta zama. Bara aka sauke 'yar baffana Bara'atu daga mota tsakar rana aka shige daji da ita. Sai da gonar baffa ta tafi a kuɗin fansa sannan Bara'atu ta dawo, kuma har yau in an rufe ƙofa da ƙarfi ƙarƙashin gado ake samunta. Baba ya rantse ko shi ko ɗiyarsa ba mai sake hawa wannan titi. Da na roƙe shi washegari, maganarsa ɗaya:

"Haƙori ba shi kashe mutum. Hanya na kashewa."

Na san yana kashewa. Na karanta yadda ruwan ciwo ke gangarawa ƙarƙashin muƙamuƙi ya shaƙe maƙogwaro. Amma ta ina zan fara da mutumin da ya ga Bara'atu ranar da aka dawo da ita? Na shiga zama da ciwona.

Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Ba sara yake ba, tura yake yi, kamar wani ya sa kafaɗa yana son ya kayar da bango daga ciki. Kunnena ya ɗauka, ido na dama ya riƙa hawaye shi kaɗai. Da farko yatsu uku na shiga tsakanin haƙorana, suka koma biyu. Tuwo ya gagare ni, na koma kunu da ƙaramin cokali, ina zura shi ta gefen hagu. Ina kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ina tauna kanumfari, na rubuta sunan magani aka karɓo min a kemis. Kumburin ya sauka kwana kaɗan ya dawo da ƙarfinsa. Bakina ya fara wari, ni da kaina nake jin sa cikin hijabi. Rigunan atamfar da aka ɗinka min na fitar biki suka yi min yawa a kafaɗa. Ko sau ɗaya ban yi kuka a tsakar gida ba. In ya matsa, bayan rumbu nake zagayawa in ciji gefen mayafi da haƙoran gaba har ya lafa.

Mata suka yi ta shigowa dubiya, kowace da abin da ta ƙunso. Wata ta ce alhakin Sarki ne. Wata ta leƙa fuskata ta ce, "Likita, ya haƙuri? Boko bai yi magani ba?" Na ce mata, ta gefen baki, "Ya yi, shi ya hana in zama abokiyar sana'ar Kande." Inna ta jefe ni da mafici.

Ana haka Zainul ya dawo. Da yamma ya zo, cikin shadda ruwan ƙasa wadda na fi so, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa zaure. Na sa doguwar riga baƙa, na yafa gyale ta yadda zai rufe gefen dama, na zauna nesa da shi fiye da yadda na saba don kada ya ji warin. Yana ganina ya miƙe tsaye.

"Innalillahi. Radi, ke ce haka?"

"Amaryarka ce. An fara ƙunshi daga kumatu."

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya riƙe hularsa a gwiwa.

"Na yi magana da Baba. Ya sauko."

"Alhamdulillahi. Za ni je in durƙusa in ba shi haƙuri kan maganar Kande. Bai kamata ta fito gaban mutane ba don girmansa. Wannan na yarda."

"Ba haƙuri shika so ba." Ya kalli ƙasa. "Ki zo gida, gaban waɗanda sunka ji, ki buɗe baki shi sa hannu. Mutane sun fara ja da baya, Radi. Wani ya kai ɗansa garin Isa don kaciya, ya tsallake Baba. Sai sun ga ke da kanki kin dawo hannunsa."

"Shi sa hannu ko shi sa aska?"

"Tsaga 'yar ƙanƙanuwa. Na roƙe shi, ba shi taɓa awartaki. Jini shi ɗan fito, a ga an yi. Bayan biki ni da kaina za ni ɗauke ki ta Nijar, mu je Maradi a yi miki aikin. Wallahi na yi alkawari."

Ku yarda da ni, na so in ce to. Na kalli hannunsa, hannun da ya taɓa tuƙo babur cikin ruwan sama don kawai ya kawo min cajar waya. Tsaga ɗaya, in samu miji, in samu hanya, Baba ya sake kallona. Amma na san wurin ya riga ya cika da ruwan ciwo, bakina ko yatsu biyu ba ya ɗauka, aska za ta shiga ne a makance. Kuma na san Na'Allah. Mutumin da ke son gari ya ga ya iya, in ya tsaga haƙori bai leƙo ba, ga mutane na kallo, ga awartaki a gefen gwiwarsa, ba zai naɗe zabira karo na biyu ba.

"Zainul, kai ka ga hoton. Ka yarda kwance yake?"

"Na yarda."

"Ka yarda saiwar na kan jijiya?"

"Na yarda da duk abin da kinka ce."

"To ka kai ni Maradi gobe. Inna ta raka mu."

"Da wace fuska? In ɗauki wadda ta kunyata ubana in kai ta wurin wani, gari na kallo? Shi ya haife ni, Radi."

"Na sani."

"To?"

"Ba ni buɗewa."

Da ya tashi, ya ajiye min leda a kan tabarma, madarar gari ce da zuma, abin da ya san zai wuce ta bakina. A bakin ƙofa ya sa hularsa ya fita. Na ji ya tayar da babur, ya daɗe bai ja ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, baffannin Zainul suka yi sallama da Baba. Ba su daɗe ba. Matan gidansu suka shigo, ga motar kaya a waje, suka gaida Inna kamar an yi rasuwa. Inna da hannunta ta yaye zanen da ke kan akwatunan. Ina tsaye a ƙofar ɗakina aka yi ta wucewa da su ta gabana, ban shige ciki ba, ban sauke ido ba. Wata ƙanwar uwarsa ta tsaya saitina ta ce, "Sai ki auri hoton." Na so in ba ta amsa, bakin ya ƙi buɗuwa yadda magana za ta fita.

Na duba wayata. Hoton Zainul ya ɓace daga kan sunansa. Na rubuta "Allah shi sa haka ya fi alheri," ya tafi da alama ɗaya, ya tsaya nan.

Jiya da safe na tashi na ji ƙarƙashin muƙamuƙina ya yi tauri kamar katako, haɗiyar yawu na yi min wuya. Yatsa ɗaya ne ke shiga yanzu. Ban faɗa wa kowa ba, amma Inna ta ga kunun ya dawo mata yadda ta kawo shi. Bayan azahar sai ga inuwar Baba a ƙofar ɗakina, karo na farko tun ranar zaure. Ya tsaya yana kallon wuyana. Ya miƙo yatsu biyu ya taɓa wurin a hankali, ya janye.

"Jibi motoci na tashi da rakiyar soja," ya ce, ba tare da ya kalli idona ba. "Ki haɗa kayanki. Ki ɗauko hoton nan."

Na ce ta tsakanin haƙora, "Wa za shi kai ni?"

"Wa gare ki?"

Ya juya ya tafi. Na ji shi a tsakar gida yana faɗa wa Inna inda takardar gona take da wanda za ta nema in an ji shiru.

Leɓena na nan da ransa, ina taɓa shi ina ji, kuma ko yau aka sake shimfiɗa zabirar nan a gabana amsata ba za ta canja ba. Amma kada wata ta karanta wannan ta ɗauka kyauta na samu. Na rasa Zainulabidin, mutumin da nake so, kuma har yanzu ina son sa. Gobe kuma zan sa tsohon da ya haife ni a kan hanyar da ya rantse ba zai bi ba, ya zauna kusa da ni a mota, saboda na ƙi buɗe baki.